Amsa ga Hajiya kan yaron da reslin ya ɗauke wa hankali

Hajiya, barka da warhaka, ya yara? Tun jiya na karanta tambayarki. Kin ce ɗanki mai shekara 12 ba shi da zance sai na Raw da SmackDown, shirye-shiryen reslin na kamfanin WWE na Amurka, yana rantsuwa faɗan gaske ne, babansa kuma ya ce ƙarya ce tsagwaronta, ke kuma kina tunanin hana shi kallo kwata-kwata tunda kin kama shi ya ɗaga ƙanensa sama zai maka shi a kan katifa. Na ga amsoshin da aka ba ki, yawancinsu ba su wuce "fim ne" ba. Ni na haura shekara ashirin ina bin wannan wasa, wanda wasunmu a nan ke kira kac, tun muna biyan dala biyar mu shiga gidan bidiyo a Sabon Gari mu kalli kaset ɗin da aka sayo daga Kano. Kuma na ga abin da kwaikwayonsa ya jawo a cikin gidanmu. Shi ya sa na ce bari in zauna in amsa miki a tsanake.

Da yaron da babansa, kowa da gaskiyarsa. Wanda zai yi nasara da wanda za a kayar, an riga an tsara tun kafin su fito. Kamfanin WWE ma bai ɓoye ba, domin tun a 1989 ya shaida wa 'yan majalisar jihar New Jersey ta Amurka cewa abin da yake yi nishaɗi ne, ba gasa ba. Suna da marubuta da ke zama su shirya wa zai ci amanar wa, wa zai riƙe kambu har zuwa yaushe, kuma tun 2022 tsohon ɗan wasansu Triple H ne ke jagorantar wannan aiki. Shi kansa alƙalin wasan akwai 'yar na'ura a kunnensa, daga bayan fage ake gaya masa sauran minti nawa, shi kuma ya raɗa wa 'yan wasan. In kika lura da kyau, lokacin da ɗaya ya shaƙe ɗaya suka sunkuya, sau da yawa magana suke yi, suna shirya abin da zai biyo baya. A nan maigidanki ya yi daidai.

Inda yaron ya yi daidai kuwa shi ne faɗuwar. Wannan dandali da ake gani kamar katifa, katako ne aka jera a kan ƙarafa, aka shimfiɗa soso marar kauri, aka rufe da tamfol. Ƙato mai kilo ɗari da ɗoriya in ya faɗo a kai daga saman igiya, jikinsa ne ke karɓa, babu wata dabarar kyamara a ciki. Abin da ke cetonsu shi ne horo na shekaru. Suna da makaranta a Orlando da aka buɗe a 2013, kuma abin da ake fara koya wa mutum shi ne yadda zai faɗi: ya sauka a kan faɗin bayansa, ya dunƙule haɓarsa zuwa ƙirji don kada ƙeya ta bugu, ya baza hannuwa su raba nauyin. Wanda ake ɗagawa ma yana taimaka wa mai ɗaga shi, shi ke yin tsalle a daidai lokacin. Aikin mutum biyu ne da kowa ya damƙa wuyansa a hannun ɗan'uwansa.

Duk da wannan horo, kuskure na faruwa. A watan Maris na 2022, a cikin shirin SmackDown, aka jefa Big E a wajen dandali ya sauka da kai, wuyansa ya karye, mutumin da ya taɓa riƙe babban kambun kamfanin. A Yunin wannan shekarar Cody Rhodes ya shiga keji da Seth Rollins alhali naman ƙirjinsa ya tsage, rabin ƙirjin ya yi baƙi ƙirin da taruwar jini, kowa na gani. Owen Hart kuwa a watan Mayu na 1999 ya faɗo daga rufin zaure a Kansas City lokacin da ake sauko da shi da igiya, ya mutu a wannan daren. Idan kika ga alƙali ya haɗa hannuwansa biyu sama ya gicciye su, yawanci alama ce cewa an ji ciwo na gaske, a turo likita.

Yanzu ga abin da ya sa tambayarki ta taɓa ni. Ina da shekara goma sha biyar, ƙanena yana da tara, muka dawo daga gidan bidiyo kanmu cike da Undertaker. Akwai wani kayen da yake yi, ya juya mutum kai ƙasa ƙafa sama, ya durƙusa da shi. Mu ba mu san cewa kan wancan ba ya taɓa ƙasa ba, gwiwoyin Undertaker ne ke sauka. Na ɗauki yaron nan a tsakar gida, a kan siminti, ya suɓuce mini. Allah ya taƙaita bai sauka da ka ba, ya sauka da kafaɗa, hannu ya karye. Har yau ina jin ƙarar da ya yi. Mai ɗori ya zo, aka yi wata biyu ana jinya, jarabawar lakwal ta wuce shi a shekarar. Yanzu magidanci ne da 'ya'yansa, amma duk lokacin ɗari sai hannun nan ya tashi masa. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya hana mu kallo bayan wannan, sai dai hanin bai yi aiki ba, mun ci gaba da zuwa a ɓoye. Abin da ya raba ni da kwaikwayo shi ne ranar da wani yayanmu ya zaunar da ni, ya riƙa tsayar da kaset yana mayarwa baya, yana nuna mini inda hannu ke tare kai, inda naushi ke wucewa gefen kunne. Daga ranar na gane sana'a ce da ake koyo, kamar yadda ba ka hawa sandar kuran don ka ga ma'aikaci ya hau.

Kada kuma ki ɗauka dukan ne kawai ke jan yaron. Labarin ne. Raw tun Janairun 1993 ake yin shi kowace Litinin, SmackDown tun 1999, yanzu ranar Juma'a, kuma ba su da hutun kaka irin na ƙwallo. Kowane mako ana ɗora sabon babi, akwai akta, akwai bos, wani lokaci aktan da kake so ya rikiɗe ya koma bos, kamar yadda John Cena ya yi a farkon Maris na 2025 bayan shekara da shekaru yana gwanin yara.

A duk abin da na kalla, babu wanda ya kama mu a fadarmu kamar labarin gidan su Roman Reigns. Dalili kuwa labarin dangi ne, irin wanda kowane Bahaushe ya sani. Ga babban yaya da ya naɗa kansa sarkin gida, kowa sai ya rusuna masa. Ga 'yan'uwansa tagwaye, Jimmy da Jey Uso, suna yi masa bauta yana wulaƙanta su, su kuma zumunci ya hana su tafiya. Sai ga Sami Zayn, bare, Musulmi ɗan asalin Siriya da aka haifa a Kanada, ya liƙe musu yana neman a karɓe shi a matsayin ɗan gida. Wata da watanni ana ja, Jey ba ya ƙaunarsa, daga baya ya zama shi ne mai kare shi. A babban wasan Royal Rumble na Janairun 2023 Roman ya miƙa wa Sami kujerar ƙarfe ya ce ya doki tsohon amininsa Kevin Owens da aka ɗaure da ankwa. Sami ya tsaya, ya tsaya, sai ya juya ya maka wa Roman a baya. Wallahi a fada sai da shayi ya kife. Dukkanmu manya ne, mun san an tsara, amma zuciya ba ta tambayar wannan.

A ɗaya gefen ga Cody Rhodes yana neman kambun da mahaifinsa Dusty bai taɓa riƙewa ba har ya mutu a 2015. A WrestleMania ta 2023, wasansu mafi girma na shekara, kowa ya sa rai, sai Solo Sikoa ya sa baki aka kayar da shi. Muka yi shekara guda cur muna jira. Sai a watan Afrilun 2024 a Philadelphia ya kayar da Roman, wanda ya riƙe kambu kwana 1,316. Yaro ɗan shekara 12 da ya bi irin wannan labari, in aka ce masa "ƙarya ce" kawai, ba zai saurara ba, zai ga ba a fahimce shi ba ne.

Don haka ni a ganina kada ki hana shi, amma ki sa masa iyaka. Ta farko lokaci: ana fara shirin ƙarfe takwas na dare a gabashin Amurka, wato ƙarfe ɗaya ko biyu na dare a nan Maraɗi. Yaron da zai tashi sallar asuba ya tafi lakwal ba shi da abin yi a gaban tele ko waya a wannan lokaci, ya jira maimaici da rana ko ƙarshen mako. Sannan kada ya riƙa kallo shi kaɗai. Akwai shigar da ba ta dace da tarbiyyarmu ba, akwai zage-zage, babba na kusa ya san inda zai wuce da shi gaba. Na fi so a ce babansa ne zai zauna da shi, tunda shi ya riga ya gane an tsara, ya nuna masa da yatsa yadda ake yi kamar yadda aka nuna mini. Ki ba shi labarin Big E, in kin ga dama ki ba shi labarin ƙanena. Sharaɗi ɗaya kuma babu sassauci a kansa: ranar da ya sake ɗaga wani yaro, kallon wannan makon ya tafi.

In kuma jikinsa ne ke son kokowa, to ai gida ya zo. Garin Kantu muke, ɗan kokowar gargajiyar da ya ɗauki takobin farko na ƙasa a Tawa a 1975, kuma sunansa filin kokowarmu ke ɗauke da shi. A can ba a rubuta wa kowa nasara, ko Isaka Isaka na Doso da ya ɗauki takobi sau da dama sai ya yi gumi kafin ya kai mutum ƙasa. A kan rairayi ake yi, babu naushi, babu jefa mutum da ka, ga kiɗa ga kirari. Babban ɗana nan na kai shi da ya fara irin na ɗanki. Baban yaronki ya riƙe hannunsa su je ranar da ake wasa, ya tambayi tsofaffin 'yan kokowar da ke zaune a bakin fili inda yara ke atisaye da yamma, za su nuna masa.