Kwana uku a tanti a Masai Mara da yara: amsoshin tambayoyinku

*Anti, maigida ya biya mana kwana uku a wani masauki na tantuna a dajin Masai Mara na ƙasar Kenya, mu da yara uku, autan shekararsa huɗu. Wallahi tun da ya faɗa min na kasa samun natsuwa, tanti fa, a tsakiyar zakuna? (Maman yara, Kaduna)*

Hajiya kwantar da hankalinki, tsoron nan naki na uwa ne kuma yana kan hanya. Tantin ba irin wanda ake kafawa wurin biki ba ne, ɗaki ne sosai na tamfol mai kauri, da gado da katifa da banɗaki a ciki, ƙofar da zif ake rufe ta. Za ki ji kukan kura da dare, wataƙila har gurnanin zaki daga nesa, amma mutum cikin rufaffen tanti ba shi ne a gabansu ba. Abin da nake so ki sa Alhaji ya yi yau ɗin nan shi ne ya tambayi masu masaukin ko wurin yana da shinge, don da yawa ba su da shi, dorina da giwa suna ratsawa ta tsakanin tantuna da daddare. A irin waɗannan ba a fita bayan magariba sai mai gadi ya zo da tocila ya raka mutum, kuma wasu ma ba sa karɓar ƙananan yara sam, to a tabbatar sun san da autan a rubuce. Kar ki bar biskit ko ayaba a tanti, birai sun iya jan zif. Ki ɗebi kayan sanyi irin na tsakiyar hunturu, wurin tudu ne, fitar asuba a buɗaɗɗiyar mota ba wasa ba ce. Katin rigakafin cutar shawara na kowa ya zama a hannu, ki ga likita kan maganin maleriya na yaran.

*Zan iya sauka daga mota in ɗau hoto kusa da zaki? (Wani matashi, Abuja)*

A'a. Ba gidan zu ba ne, kuma doka ta hana. Ka zauna inda direba ya ajiye ka.

*Na ga wani ejan a Instagram yana cewa dala 900 ni da iyalina mu biyu, kwana uku a watan Agusta, komai da komai a ciki, amma sai na tura rabi cikin kwana biyu ko in rasa gurbin. In tura? (Ango, Kano)*

Ƙanina kada ka tura ko sisi. Zauna mu yi lissafi. Tun 2024 kuɗin shiga Masai Mara ga babban mutum baƙo dala 200 ne a rana daga Yuli zuwa Disamba, dala 100 daga Janairu zuwa Yuni. Ku biyu kwana uku a Agusta dala 1,200 ke nan, kuɗin ƙofa kawai, ba a zo maganar tanti ba, ba abinci, ba motar zagaya daji, ba tafiyar awa biyar zuwa shida daga Nairobi ta garin Narok. To ta ina 900 za ta ɗauki wannan duka? Ko dai ɓarawo ne, ko kuma sai kun isa ƙofar shiga dajin ta Sekenani da jakunkuna a hannu za a ce maka kuɗin shiga ba ya ciki, kana gaban amarya ba yadda za ka yi.

Wannan abu yana ci min rai. Mutum zai yi rabin awa yana ciniki kan buhun shinkafa a Singa, sai ya buɗe ya duba ƙwayar, amma ya ga hoton tanti da fitilu da raƙumin dawa a waya ya kwashi miliyoyi ya tura asusun wani da bai taɓa ganin fuskarsa ba. Hoton nan kowa yana iya sato shi daga shafin masaukin gaskiya! Kuma duk mai ce maka yi sauri gurbi zai ƙare, so yake kar ka samu lokacin tambaya. Agusta lokacin da garken dabbobi ke tsallako kogin Mara daga Serengeti ne, komai ya fi tsada a lokacin, ba mai karya farashi. Ka karɓi sunan masaukin, ka nemo shafinsu da kanka ka tambaye su ko sun san ejan ɗin. Ka duba ko kamfanin yana cikin ƙungiyar KATO ta masu shirya yawon buɗe ido a Kenya. A rubuto maka dalla-dalla: kuɗin shiga, fita daji sau nawa a rana, motar taku ce ko ta haɗaka, tantin a cikin dajin yake ko a wajen ƙofa, in an fasa nawa za a maido. Biya kuma ta asusun kamfani, ba na mutum ba. Sannan ka leƙa Wapa ka ji canjin yau, ka ɗora tikitin jirgi a kai, in ka ga sai ka ci bashi, wallahi ka haƙura zuwa baɗi, ko ku je a Fabrairu.

*Naman da za a ba mu halal ne? (Malama, Zariya)*

Kada ki ɗauka haka ne. Ki faɗa musu tun wajen biya don daga nesa suke kawo kayan abinci, in ba ki gamsu ba kifi da ƙwai da wake suna nan.

*Ba ni da kuɗin Kenya amma yara sun dame ni da son ganin namun daji. (Baban biyar, Gombe)*

Malam ai kai a kusa kake, Yankari tana nan a Bauchi. Ɗakuna ne ba tantuna ba, kuma ba za ka ga dabbobi da yawa kamar can ba, amma da rani in an yi sa'a ana ganin giwaye wajen kogin Gaji, yara su yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki. Ku kira tukuna ku ji halin ɗakunan da na hanya, ledar abinci kuma kar a ba yaro ya riƙe saboda gwaggon biri.