Baƙar laga: shin launinta ne ke nuna ƙarfinta?

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni mazaunin Tudun Wada ne a Jos. A bikin auren wani abokin aikina a Rayfield aka kawo wata baƙar giya ta wani ƙaramin kamfani, irin masu dafa 'yar kaɗan su sayar. Da na gan ta a kofi na ɗauka sitawut ce, amma da na kurɓa sai na ji ba ta da nauyi, ga ƙamshi kamar na gahawa. Aka ce mini laga ce. Abokina kuwa ya dage cewa duk baƙar giya ta fi fara bugarwa, kuma tana ƙara jini. Ina gaskiyar take?

Amsa: Ɗan'uwa, harshenka ya fi abokinka gaskiya. Baƙin da ka gani daga wuta ya fito, ba daga barasa ba.

Duk wanda ya taɓa ganin yadda mata ke haɗa burkutu ya san farkon aikin: a jiƙa dawa, a shimfiɗa ta har ta yi tsiro, a shanya, a niƙa. Masu giyar kwalba ma haka suke yi, sai dai su galibi da sha'ir. Inda hanya ta rabu shi ne wurin busarwa. In aka busar da tsiron da zafi kaɗan, giya ta fito ruwan zuma mai haske, irin Star ko Rock da mutanen Jos suka sani. In aka ƙara wuta, sukari da sinadarin gina jiki da ke cikin ƙwayar su haɗu su yi ja, su fitar da ƙamshin gasasshen burodi. Wani masani ɗan Faransa, Louis-Camille Maillard, shi ya bayyana wannan a 1912, amma ba sai ka je Faransa ba: shi ne abin da ke faruwa da gyaɗa a kasko, da ƙanzo a gindin tukunya. In aka kai zafin sama da digiri 200, ƙwayar ta koma baƙa ƙirin kamar gahawa. Kuma wannan baƙar ƙwayar kaɗan ake zubawa. Kashi biyar cikin ɗari na hatsin ya isa ya rina tukunya gaba ɗaya, kamar yadda 'yar daddawa ke juya miya.

To, ƙwayar da ta ƙone haka ba ta da sauran sukarin kirki da yis zai ci. Barasa kuwa daga sukarin da yis ya ci take fitowa. Ka ga ke nan launi da ƙarfi ba hanyarsu ɗaya ba. Baƙar laga irin ta Jamus, wadda suke kira Dunkel a Munik ko Schwarzbier, tana da barasa wajen kashi 5 cikin ɗari, kusan daidai da Star. Abin da ya rikita mutanenmu shi ne baƙar giyar da muka tashi muka gani ita ce sitawut ɗin Guinness, wadda aka gina wa masana'anta a Ikeja a farkon shekarun 1960, kuma ta Najeriya kashi 7.5 ce. Ita ɗin tana da ƙarfi, amma don an ƙara mata hatsi ne. Guinness ɗin da ake tsiyayowa daga famfon mashaya a Ayalan baƙa ce ita ma, kashi 4.2 kacal. Saboda haka karanta lambar da ke jikin kwalba, kada ka auna da ido.

Rashin nauyin da ka ji kuma aikin yis ne. Na sitawut yana aiki cikin ɗumi, ya gama cikin 'yan kwanaki, ya bar ƙamshi mai kama da na 'ya'yan itace. Na laga yana son sanyi, wajen digiri 10, yana aiki a hankali, sannan a ajiye giyar makonni cikin sanyin da ya kusa daskarar da ruwa. Kalmar laga ma daga Jamusanci take, ma'anarta ajiya. Wannan doguwar ajiyar ce ke sa ta fito tas, ba abin da ya rage sai ɗanɗanon hatsin. Abin mamaki, baƙar ce ma babba: lagar yankin Bavariya na Jamus baƙa-baƙa ce tun asali, sai a 1842 aka dafa mai hasken nan a garin Pilsen na ƙasar Cek, ta zo ta mamaye duniya. Ni dai ina jinjina wa ƙaramin kamfanin da ya ɗauko laga a ƙasar nan, don riƙe tanki cikin sanyi har wata guda da wutar lantarkinmu ba ƙaramin dizal yake ci ba. Sanyin Jos ma na watan Disamba bai isa ba.

Maganar ƙarin jini kuwa, tatsuniya ce. Sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke haɗa jini da shi, da ke cikin giyar bai taka kara ya karya ba, kuma yawan shan barasa shi kansa yana jawo ƙarancin jini. Mai neman jini ya nemi hanta, wake da zogale, ya kuma je asibiti a auna shi. Mai juna biyu kada ta kusance ta ko da wa ya ba ta shawara. Ga wanda ba ya sha kuma, don addini ko don lafiya, kada kamanninta da Maltina ya ruɗe shi: launinsu ya zo ɗaya, amma wannan giya ce cikakkiya.

In ka sake samunta, kada ka sha ta da sanyin ƙanƙara, don tsananin sanyi yana danne ƙamshi. Zuba a kofi, ka ba ta minti biyar. Ɗaga ta ga haske, za ka ga ja ce mai duhu, ba baƙa sosai ba. Ya kamata ka ji burodi, ɗan cakulan ko gahawa, da ɗaci kaɗan a ƙarshe wanda ba ya daɗewa a baki. In ka ji tsami irin na burkutu, ko warin man shanu, ko warin jiƙaƙƙen kwali, ta lalace. Ƙananan kamfanoni da yawa ba sa ɗumama giyarsu bayan an zuba a kwalba don kashe ƙananan ƙwayoyin halitta masu ɓata ta, don haka kwana biyu a bayan mota cikin rana daga Abuja ya isa ya ɓata ta. Duba ranar da aka yi ta da lambar NAFDAC kafin ka buɗe.