Tambayar "wanne ya fi kyau" a zauren masu kiwon kaji

Malam admin, ka tambaya ko ka riƙa goge duk tambayar da ke neman ra'ayi, irin su "wane abincin kaji ya fi kyau", tunda kusan kullum da faɗa ake tashi. Ni dai shawarata kar ka goge. Ka mayar wa mai ita ya gyara.

Na daɗe a zauren nan, kuma abin da na lura shi ne tambayar da aka sake ta ba linzami ita ke haddasa rigimar. Mutum ya rubuto "wane abinci ya fi", shi ke nan. Bai ce kajin nama ne ko na ƙwai ba, bai faɗi satinsu nawa ba, bai faɗi garin da yake ba. Sai mai shagon abinci ya faɗo ya yabi hajarsa, wani ya ce jabu ne, kafin la'asar an fara taɓa iyaye. Da zai ce, "Kajin nama ne, sati uku, a Zariya nake, buhu ya yi mini tsada, wa ya taɓa haɗa nasa da masara da waken soya, kuma yaya nauyinsu ya kasance a sati shida?", to ra'ayin ne dai yake nema, amma sai wanda ya taɓa yi zai iya buɗe baki. Mai talla ba shi da ta cewa.

Ba mu muka fara cin karo da wannan ba. Stack Overflow, dandalin masu rubuta manhajar kwamfuta da Jeff Atwood da Joel Spolsky suka kafa a 2008, ya daɗe yana rufe irin waɗannan tambayoyi. Amma tun 2010 suka bambance: tambayar ra'ayi tana da amfani in amsarta za ta jingina da hujja ko da abin da mutum ya gani da idonsa. A 2013 suka koma dakatar da tambaya tukuna, in mai ita ya gyara a sake dubawa. Duk da haka tsananinsu ya kori sababbin shiga, har a 2018 su da kansu suka yarda cewa gidan nasu ba ya marabtar baƙo. Mu da yawancin mutanenmu da kyar suke samun data, in ka goge tambayar mutum ba bayani, ba zai sake dawowa ba. Ka bi shi ta gefe ka ce, "Ɗan'uwa, don Allah ƙara mana bayani."

Wuri ɗaya ne ba na so ka sassauta: magani da rigakafi. In an tambayi lokacin rigakafin cutar kaji ta Gumboro ko adadin maganin da za a zuba a ruwa, "a ganina" ba ta da gurbi. Duk wanda ya amsa da zato, ka cire amsar nan take, ka tura mai tambayar wajen likitan dabbobi.