Dokar Washington ce, ba ƙiyayyar ma'aikaciyar ofis ba

Wani Malam mai shekara 58 ya rubuto daga Columbus, jihar Ohio a Amurka. Ofishin ƙaramar hukumarsu ya aiko masa takarda cewa sai ya nuna yana aiki awa 80 a wata, in ba haka ba za a tsayar masa da tallafin abinci na SNAP. An rage masa awoyi a siton da yake aiki, kuma yana fushi da ma'aikaciyar ofishin da ke karɓar takardu. Wani "mai hanya" ya ce ya kawo dala 400 a gyara fam ɗin, a gida kuma yayyensa suna jiran kuɗin auren 'yar wansa.

Malam, ka sauke fushin da kake yi da matar da ke karɓar takardu. Ba ita ta yi dokar ba. Ranar 4 ga Yulin 2025 Shugaba Trump ya sa hannu kan babbar dokar kasafi da majalisar tarayya ta zartar. A da sharaɗin aiki yana tsayawa ne a shekara 54, yanzu an kai shi 64. Mai yaro a gida ma, in yaron ya kai 14, bai tsira ba. Wanda bai cika sharaɗin ba, wata uku kawai zai ci tallafi cikin shekara uku.

Ohio na cikin jihohi goma da ƙananan hukumomi ke gudanar da SNAP da kansu. Tarayya ke yanke hukunci, su ke kai saƙo, su ke shan zagi. Dokar nan ta rage kason da tarayya ke biya na kuɗin gudanarwa daga rabi zuwa kashi 25 cikin ɗari daga Oktoban 2026, kuma daga Oktoban 2027 jihar da kurakuranta wajen biyan tallafin suka kai kashi 6 cikin ɗari za ta fara biyan wani ɓangare na kuɗin abincin da aljihunta. To wa zai yi sakaci da fam alhali kowane kuskure kuɗi ne? Yanzu layi-layi ake dubawa.

Shi ya sa nake gaya maka ka guji "mai hanyar" nan. Na ga irinsu. Gyaran nasu bai wuce ƙara maka yaron da ba ya gidanka ko ƙirƙiro takardar albashi ba. Ran da asiri ya tonu, sa hannunka ne a ƙasa, shi ya canza lamba. Ƙarya da gangan tana jawo dakatarwar shekara ɗaya a karon farko, ka biya abin da ka ci, kuma tana iya biyo ka ranar neman zama ɗan ƙasa. Katin zamanka na dindindin ya fi ƙarfin buhun shinkafa.

Abin da ba ya so ka sani: aikin sa-kai da horon sana'a suna shiga lissafin awa 80 ɗin. Ka tambayi ma'aikaciyar wanda suke karɓa, ka cike giɓin. In kana da ciwon da ke hana ka aiki, kawo takardar likita. In ka ga an yi kuskure, kana da kwana 90 ka nemi a saurari ƙorafinka, kyauta.

Maganar gida kuwa, ina bayanka. Mutumin da ke layin tallafin abinci ba shi zai ɗauki kayan ɗaki da gara ba. Zumunci gaskiya ne, amma yayyenka suna lissafi ne da wani mai dala da suka ƙirƙira a ransu, kuma shirunka ne ke ciyar da shi. Kira babban yaya, ka karanta masa takardar nan da bakinka, ka faɗi abin da za ka iya, ko dala ɗari ce. Za a yi gunaguni, auren kuma za a ɗaura.

In za ka aika, ka tura ta asusun bankinka ko katinka. Tun Janairun 2026 dokar nan ta ɗora harajin kashi ɗaya cikin ɗari a kan kuɗin da aka miƙa tsaba a kanti don turawa waje.