Tambaya da Amsa: Wai mene ne "buck" ɗin nan da Amurkawa ke cewa?

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina ɗan taɓa aikin zane ta intanet, sai wani bature ya ce zai biya ni "fifty bucks", da na duba ƙamus kuma sai na ga wai namijin barewa. Dala yake nufi ko me? Sannan "pass the buck" da nake ji a labarai, a miƙo kuɗi ke nan?

Amsa: Yauwa ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Ƙamus ɗinka bai yi ƙarya ba, buck namijin barewa ne, har bunsuru da namijin zomo ana ce musu haka. Amma a bakin Ba'amurke in ana maganar ciniki to dala ce, buck ɗaya dala ɗaya, kenan mutumin naka dala 50 yake nufi.

To me ya haɗa barewa da dala? Bayanin da masana suka fi yarda da shi shi ne fata. Kafin a kafa dala da doka a 1792, turawan da ke fatauci da 'yan asalin ƙasar da fatar barewa suke ƙiyasta kaya, a ce abu kaza fata kaza ne, har akwai wani tafinta mai suna Conrad Weiser da ya rubuta a 1748 cewa za a sayar da gangar barasa a kan bucks 5, fatu biyar ke nan ba dala ba don a lokacin babu ma dalar Amurka. Daga baya fata ta tafi suna ya zauna. Mu ma ai haka muka yi, kuɗi jam'in wuri ne, farin wurin nan da kakanninmu suka yi ciniki da shi, yau wa ke cefane da wuri?

Inda nake so ka buɗe ido shi ne nan: ba Amurkawa kaɗai ke faɗa ba. Ɗan Kanada zai ce bucks yana nufin dalar Kanada, ɗan Ostireliya ma tasa dalar, kuma duk biyun ba su kai ta Amurka ba. Ɗan Afirka ta Kudu kuwa rand yake nufi, rand 50 ko dala 5 ba ta kai ba, haka a Indiya za ka ji matasa na kiran kuɗinsu rufi da bucks. Don haka kar kunya ta hana ka, tambaye shi ƙarara dalar wace ƙasa, ya rubuta maka USD, wato dalar Amurka, kafin ka taɓa aikin. Kai ma in za ka tura takardar neman biya kar ka rubuta bucks, maganar hira ce, ba ta shiga takardar banki ko yarjejeniya.

Za ka kuma ji "big bucks" wato maƙudan kuɗi, da "a quick buck" wato kuɗin da aka samu cikin sauri, galibi da ɗan ƙanshin rashin gaskiya a ciki, in aka faɗa a kanka ba yabo ba ne.

Ita kuwa "pass the buck" babu ruwanta da kuɗi ko kaɗan. Daga wasan karta na poker ta fito, akwai wata 'yar alama da ake ajiyewa gaban wanda rabon kati ya zo kansa, in ba ya so sai ya tura wa na kusa. Shi ya sa ma'anarta ta koma ɗora wa wani nauyi ko laifi, kowa ya ce ba ni ba ne wane ne. Shugaban Amurka Harry Truman, wanda ya yi mulki daga 1945 zuwa 1953, har allo ya ajiye a teburinsa mai cewa "The buck stops here", wato in magana ta iso nan babu sauran wanda za a tura wa.

Af, in kuma wataran ɗan Ingila ya ba ka aiki, shi "quid" za ka ji ya ce, fam ke nan, kuma ba a ƙara mata s, "fifty quid" ake cewa.