Kai-sikwaya ko Fisher, kuma sai na sayi SPSS?

Tambaya: Ni likita ce a wani asibiti nan cikin Kaduna. Na bi mata 40 da aka yi wa tiyatar haihuwa: 20 ana wanke musu ɗinki da wani magani, 20 da wani daban. A rukunin farko ɗinkin mata 2 ya yi ruwa, a na biyu 6. Wane gwajin lissafi ya dace in gane ko magungunan sun bambanta? Sannan wani mai gyaran kwamfuta ya ce zai saka mini SPSS, manhajar nazarin alƙaluma, da araha. In karɓa?

Amsa: Likita, sannu da ƙoƙari. Hannu yakan fara kaiwa ga kai-sikwaya, gwajin kwatanta ƙidayar rukunoni da masanin lissafi Karl Pearson ya fito da shi a 1900, amma yana da sharaɗi. Ba 2 da 6 ɗin nan za ki duba ba. Ki duba adadin da ake tsammani da a ce magungunan ba su da bambanci. Mata 8 ne ɗinkinsu ya yi ruwa, rukunan kuma kai ɗaya suke, ke nan 4 nan, 4 can. A jadawali mai gida huɗu irin naki, muddin wannan adadi ya gaza 5, kai-sikwaya ba abin dogaro ba ne. Ki koma gwajin Fisher, don ƙananan alƙaluma aka fi amfani da shi.

Na buga lissafin naki: ƙimar p, wato yiwuwar ganin tazara irin wannan ko fiye da ita ko da magungunan ba su da bambanci, ta kama kusan 0.24, ta wuce nesa da 0.05, iyakar da aka saba so ta gaza kafin a ce akwai bambanci. A nan ne ake yawan zamewa. Kada ki rubuta cewa magungunan ɗaya suke. Kashi 10 cikin 100 da kashi 30 ba ƙaramar tazara ba ce ga mai jego da ke jinyar ciki da jariri a hannu. Mata 40 ne dai suka yi kaɗan a yanke hukunci.

Da a ce rukunin mata ɗaya kika auna sau biyu, kafin magani da bayansa, to gwajin McNemar ne naki.

Batun SPSS kuwa, kayan kamfanin IBM ne, lasisinsa da tsada. Na arahar nan galibi kwafin sata ne, araha kuwa ba ta ado, balle a kwamfutar da ke ɗauke da bayanan marasa lafiya. Ki sauke manhajar jamovi, kyauta ce, kuma duk gwaje-gwajen nan uku suna ciki. Kuɗin ki sayi data da su.