Amsa: A ci gaba da Visual FoxPro ko a koma Access?

Malam, ka tambaya ko ya dace ka ci gaba da gina manhajar lissafin kayan shagonku a kan Visual FoxPro, ko kuwa ka koma Microsoft Access, waɗanda dukansu manhajojin Microsoft ne na adana bayanai da sarrafa su. A ganina, babu wanda zai fisshe ka a cikinsu.

Tun a 2007 Microsoft ya sanar cewa ba zai fitar da wani FoxPro bayan na 9 ba, kuma ya janye tallafinsa gaba ɗaya a Janairun 2015, don haka duk kafar da masu kutse suka gano tun daga lokacin tana nan a buɗe, babu mai toshe ta. Abin da ya fi damuna shi ne fayilolin DBF, inda FoxPro ke ajiye teburan bayanai, waɗanda kowace kwamfutar shago ke buɗewa kai tsaye, domin idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar shigar da ciniki tebur na iya lalacewa, sannan duk wanda ya kai ga fayil ɗin zai iya kwafe shi. Access kam ana sabunta shi har yanzu, amma fayil ɗinsa ba ya wuce gigabait 2.

Shawarata ita ce ka fara kwashe bayanan zuwa PostgreSQL, wani tsarin adana bayanai wanda kyauta ne, kuma yana rubuta kowane canji a kundi na daban kafin ya taɓa tebur, abin da ke ba shi damar farfaɗowa bayan katsewar wuta. Tsohuwar manhajar za ta iya haɗuwa da shi ta ODBC, wato hanyar da ke haɗa manhaja da rumbun bayanai, kai kuma kana sake rubuta sassanta a hankali da harshen rubuta manhaja na C# ko Python.